Rabin Ƙamus a Birnin Kudu, Rabi a Gwaram

Jiya a layin mai na wuni, cikin a-kori-kurar Sabo maƙwabcinmu, da rabin ƙamus a hammata. An ce ƙasa ta yi arzikin mai. Ban musa ba, ƙila ta wata hanyar ya bi.

Ƙanwata Azumi tana aji shida na sakandare, jarrabawar fita ta ƙarato. Aikin jinya take so, kuma wanda ya faɗi Turanci ko ƙofar makarantar ba ya gani. Ni na san wannan, shi ya sa nake gida.

Bara Mai Girma Inuwar Talakawa ya zo da maroƙa, ya yi alkawarin kowane ɗalibi zai sami ƙamus na Turanci. Allah ya ja zamaninsa, ya cika. Sai dai ƙamus ɗin mujalladi biyu ne, 'yan kwangila ma biyu ne, don kada wani ya yi fushi. Na farko ya sauke nasa duka a nan Birnin Kudu, daga A zuwa L. Na biyu ya kai M zuwa Z Gwaram. Adalci ke nan.

Tun daga nan Azumi ta zama gwana a rabin Turanci. In kalma ta faɗo a gonarmu, za ta ba ka ma'anarta, ta sa ta a jimla. In ta tsallaka iyaka, sai ta ce wannan 'yar Gwaram ce. Malaminsu ya ba su shawara su kauce wa kalmomin can in suna rubuta insha'i.

A layin, Sabo ya juya littafin, ya tambaye ni ko sauran gara ce ta ci. Na ce a'a, manya ne suka tsara.

Ya ce, "To da sauƙi, ɗan boko. Gara ba ta barin rabi."

Mun isa Gwaram bayan la'asar, neman musanyar littafin. Mai kula da sito, Malam Abdulsalami, ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni ruwa, ya nuna mini littattafan jibge har rufi. Ya ce musanya ba ta yiwuwa sai da izinin sama, saman kuma ta tafi Umra. A bakin kasuwa na haɗu da wata dattijuwa, Inna Kulu, wadda jikarta ke fama da irin ciwonmu ta ɗaya gefen. Muka yi musanya kamar masu sayar da kayan sata. Dabarar ita ce Azumi ta riƙe ƙarshe, ta ari farko wurin ƙawayenta.

Yau da safe shugaban makaranta ya ga hatimin Gwaram a bangon littafin. Ya ƙwace, ya kulle a ofis, ya ce kayan hukuma ba sa yawo. Ya tambayi nata na asali, ta ce yana Gwaram. Ya hana kowa ara mata har sai an kafa kwamiti.

Azumi ta dawo, ta ajiye jaka, ta ce, "Yaya, sannu da ƙoƙari." Garin neman gira an rasa ido.

Ba na zargin kowa. Manya sun fi mu hangen nesa. Na dai bincika, an tabbatar mini ita takardar jarrabawar ɗan kwangila ɗaya aka ba. Cikakkiya za ta zo.