Barcinrana a Kan Allo

"Lafiya lau, angona, sai dai ganinka tsaye da hantsi ya ba ni tsoro. Wa ya tashe ka?"

"Ƙarar kekenki, amarya. Na zaci injin niƙa ne ya lalace."

Ina kan tsani da buroshi a hannu lokacin da tsohon ya iso. Jikarsa, wadda yake tsokana da amarya, tela ce, ranar take buɗe shagonta, ni kuma aka kira in rubuta allo. Na gama "Ɗinkin Zamani", na zana almakashi, saura gurbin suna. Nan aiki ya tsaya har fenti ya fara bushewa, domin sunan gidansu Barcinrana, kuma ta rantse ba zai hau allonta ba. Ni dai ban ga laifinta ba. Wa zai kai ɗinkin gaggawa wurin Barcinrana?

Tsohon ya zauna a benci, ya ɗora wata leda a cinya, ya ce shi ba ruwansa da allo, iska ya fito sha. Amma idonsa bai bar gurbin nan ba.

"Kin ma san asalin sunan, ko jin kunyarsa kawai kika iya?"

"Na sani mana. Kakanka aka aika kiran likita, aka tsince shi a gindin bishiya yana minshari. Sai da mara lafiyar ya warke ya zo ya tashe shi."

"Ƙarya kike, mai ɗinka riga hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Mai gidan burodi ne. Yana gashi mutane na barci, yana barci mutane na cin guminsa."

"Bara ka ce mai gadi ne."

"Yana haɗawa."

"Bara waccan ka ce matuƙin jirgin ruwa."

"Mutum ne mai sana'a da yawa."

"Shi ya sa ya ajiye su duka ya kwanta."

Ya gyara zama ya ce danginsu sun cika duniya, duk ƙasar da rana ke fitowa akwai Barcinrana. Ta zaro waya ta ce ai ta bincika, kaf duniya mutum uku ta samu: shi, ita, sai wani mai gyaran firiji a wata ƙasa mai nisa, wanda ta tura wa saƙo tun bara bai amsa ba.

"Wannan kam namu ne, Kaka. Har yau bai farka ba."

Tsohon ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ya ce 'ya'yan ƙannensa duk sun yar da sunan, kowa ya laƙaba na ubansa ya huta. Ɗansa ɗaya ne ya riƙe shi, wato ubanta, direban da ya rubuta shi ɓaro-ɓaro a bayan motarsa, fasinja na tsokana yana dariya. Shi kuma ya riga shi barin duniya.

"Ni kuma barcin da ke gabana ba na rana ba ne kaɗai," in ji shi.

Wallahi tausayinsa ya kama ni, har na manta hannuna ya gaji. Ita kuwa ta daɗe tana naɗa zare a yatsa tana warwarewa, kafin ta ɗago ta dube ni.

"Malam, rubuta. Da manyan baƙaƙe, yadda makahon nan zai gani ba tabarau. Amma ka ƙara a ƙasa: ban da mai shagon."

"Kada ka ƙara. Ranar farko za a kama ta da ƙarya."

Ya miƙa mata ledar. Wani tsohon matashin kai ne da ya sha jiki, wanda ubanta ke jingina da shi a mota.

"Gadon gida. Da kin ƙi, mai firiji zan aika wa."

"Wannan ai tun zamanin mai burodin ba a wanke shi ba," in ji ta, amma ta ƙanƙame shi a ƙirji, ta juya mana baya tana gyara zaren da babu abin da ya same shi.

Kafin in ƙarasa baƙin ƙarshe, tsohon ya ɓingire a benci, baki buɗe. Ta lallaɓa ta tura masa matashin ƙarƙashin kai, ta yi min alama in sauko a hankali. Ana haka wata mata ta zo da yadi a hannu. Ta karanta allon, ta dubi mai minshari, ta ce lallai shagon nan ba a ƙarya, ta ajiye yadinta a kan tebur.