Rasuwar Jar Bajamushiya ta Gidan Mthethwa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, Bongumusa Mthethwa na unguwar KwaMashu a Durban yana sanar da 'yan'uwa da abokan tsere rasuwar motarsa, jar Bajamushiya mai guntun baya, wadda aka fi sani da Nomvula. Ta cika ranar Lahadi da hantsi a hawan dutsen Pinetown, tana da shekara talatin da uku.

Marigayiya ƙarama ce, amma ba ta taɓa barin babbar mota ta sha gabanta ba. Bongumusa ya gaje ta ne wajen marigayi yayansa, ya shekara goma sha ɗaya yana rainonta. Ba ta da ihun 'yan Japan, waɗanda sai sun tsage maƙogwaro suke gudu. Ba ta da rawar kan 'yan Faransa a kwana, balle shagwaɓar 'yan Italiya masu tashi ranar da suka ga dama. Ita da an murɗa makulli sai ta ce "vrrr-pha!", unguwa ta san ya fito.

Ciwon ajalin ya fara da tari. Daga nan lagireto ya riƙa zafi, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Makanike uku suka duba ta, kowa ya girgiza kai. Duk da haka Bongumusa ya fita da ita taron shekara na masu motocin tsere, domin bai iya jure a ce layin Jamusawa ya tashi babu ita ba. A tsakiyar hawa ta ce "ƙwas, ƙwas", injin ya buga. Ya murɗa makulli har yatsansa ya fashe. Abokin hamayyarsa Pregasen Moodley ne ya jawo ta gida da igiya, a bayan 'yar Japan ɗinsa, kan idon kowa.

Ta rasu ta bar tayoyi huɗu sababbi, da kujerun da ba a taɓa cin abinci a kansu ba, da maigidanta wanda rabonsa da abin kirki a ciki kwana uku ke nan. Ya buga waya har Polokwane da Maputo neman inji irin nata. Babu. Duk mai shi, ko da kajin gidansa ne suke kwana a ciki, don Allah ya yi magana kafin Juma'a, domin uwargida Thandeka ta ce a filin da motar take za a kafa rumfar bikin 'yarsu.

In ba a samu ba, za a yi bankwana ranar Asabar a gindin bishiyar tsakar gida. Akwai gasasshen nama. 'Yan gwangwan za su zo da ƙarfe huɗu, makanike zai raba abin da ke da sauran amfani. Maigidanta na roƙon wanda hon ɗinta ya faɗo a rabonsa kada ya danna shi a layinsu, don Bongumusa ya san kansa: da gudu zai fito.