Tukunyar Yaya Ramatu

An kawo ƙarshen yunwa a Dogon Dutsi ranar Talata da hantsi. Ni shaida ne, domin a ƙofar gidana aka sanar, da lasifika, daga cikin wata farar mota kat-kat. Kowane gida zai samu kati, kowane kati zai sayi buhun hatsi da rangwame. Abu ɗaya ya rage: a gano mene ne gida.

Na yi shekara huɗu a jami'a, ban taɓa zaton tambayar tana da wuya ba. Filina guda ne, zaurena guda. Ni da matata Fa'iza da yara muna gaba. A baya, bayan wata ƴar katanga, akwai ɗaki biyu inda yayata Ramatu take zaune da ƴaƴanta biyar tun rasuwar mijinta. Murhunta daban, rumbunta daban, kuma tun farkon daminar nan ƙasan rumbun ake sharewa.

Mai Girma Babban Mai Tantance Gidaje ya iso da jakar takardu, ya yi mana bayani kyauta: gida ba gini ba ne, tukunya ce. Masu ci daga tukunya ɗaya, gida ɗaya ne. Ya leƙa murhu biyu, ya rubuta biyu. Bai ɗaga bik ɗinsa daga takarda ba sai ga hannun Fa'iza da kwano bisa katanga.

"Yaya, ga ɗan dambu, ki taɓa."

Mai Girma ya soke biyun.

Ya juyo gare ni da ladabin Faransanci. "Mushe, mi na gani?"

Na ce, "Dambu ne, ranka ya daɗe. Haka muka taras tun kakanni, in ka dafa ka miƙa."

"Takarda ba ta san kakanni ba. Kwano ya ƙetare, tukunya guda, kati guda."

Maƙwabcina Mani, mai gyaran kabu-kabu, ya ji labari ya riƙe haɓa. "In haka ne, ai unguwar ga duk gida guda ce, har da liman. Ni miyar da ke cikina yanzu ta gida ukku ce."

Na yi kwana shida ina sintiri biro ɗinsu, wato ofis, kafin a tausaya a sa ranar sake dubawa. Mani ya ba da shawara: matan su yi gaba, a gani da ido.

Fa'iza ta dafe ƙirji. "Ni in yi gaba da Yaya? Ita fa ta yi mini wankan jego sau huɗu!"

"Ke dai ɗaure fuska, ƴar nan," in ji Ramatu. "Hatsi muke nema."

Ranar da Mai Girma ya dawo, ya taras da su sun juya wa juna baya. Ramatu ta nuna Fa'iza da leɓe.

"Wagga? Ko gishiri ban ara wurinta."

Fa'iza ta ja tsaki, wanda saura kaɗan ya zama dariya. Mai Girma ya ji daɗi ƙwarai, ya ce irin wannan iyali ƙasa take buƙata. Sai dai aikin ilimi ba ya tafiya da ji-ta-ji-ta: dole ya ɗanɗana kowace tukunya da bakinsa. Jama'a, ku yaba wa mutumin nan. Ma'aikata nawa ne za su sadaukar da cikinsu haka?

Ya ci tuwon Fa'iza da miyar kuka. To ita ma Ramatu kuka ta kaɗa, kuma kuka biyu a baki ɗaya suna iya komawa kati guda. Ta dube ni, ta dubi zabuwarta da ke kiwo gindin rumbu. Aka yanka ta. Mai Girma ya yi haƙurin jira a inuwar itacen bedi har ta nuna. Ya suɗe hannu, ya tabbatar a rubuce cewa tukunyar nan ba ta da wata alaƙa da waccan. Cinyar da ta rage ya naɗe ta a takarda, ina jin don dosiye, fayil ɗin aikin.

Katin Ramatu ya fito daban, da hatimi har biyu. An gargaɗe mu cewa ana iya dawowa ba sanarwa, don haka yanzu dambu a bokitin wanki yake ƙetare katanga, an rufe shi da tsumma kamar man sumoga.

Zabuwar nan ita kaɗai ke yi wa Ramatu ƙwai. Kati kuwa ba ya sayen buhu sai da kuɗi. Da safe na ga ta kife kwandon da zabuwar ke kwana ciki, ta zauna a kai, tana tsince tiyar hatsinta ta ƙarshe.