Rasuwar Tenshinan da Ke Yi Mini Sallama

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da na rasa inda zan sauke shi, ni Sada direba, ɗan marigayi Malam Gwadabe na Fagam, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da 'yan kamashon tashar Birnin Kudu da ta Gwaram, rasuwar abokin tafiyata, Tenshina. Ya cika ranar Litinin da hantsi a garejin Ɗanbala bakanike, bayan doguwar jinya. Ba zan ce Allah ya jiƙansa ba, kada malamai su ce na mayar da addini abin wasa. Amma wallahi na yi rashi.

Ga wanda bai san marigayin ba, ɗan ƙarfe ne da bai wuce tsawon yatsa ba, mazauninsa can cikin injin motata ta haya, inda ido ba ya kaiwa. Aikinsa ɗaya ne tak. Baƙin mai ya shiga cikinsa ya ba shi ƙarfi, shi kuma ya tokare sarƙar taimin, wadda ke haɗa aikin saman inji da na ƙasansa, don kada ta yi sako-sako. Ya kasance mai haƙuri da kawaici. Da shi muka sha ramukan hanya, muka ɗauki buhunan riɗi da dawa fiye da ƙima, muka kai amare ɗakunansu, muka kai masu naƙuda asibiti. Ko sau ɗaya bai taɓa tsayar da ni a daji ba.

Ciwonsa ya faro ne kamar tarin safe. Idan na tada mota sai sarƙa ta ce kar-kar-kar, can mai ya hau, ta yi shiru. Da ciwo ya ci jiki, sai ya zamana duk inda na tsaya na ɗaga ƙafa daga totur, sai ka ji kar-kar-kar-kacau, kar-kar-kar-kacau. 'Yan tasha suka laƙaba wa motar suna Mai Kacau-kacau. Mutanen ƙauyen Unguwar Ya kuwa ba sa jiran hon, da sun jiyo ta za su fito bakin titi da kayansu. Ni a lokacin kunya nake ji, har rediyo nake ƙure wa murya. Ashe rahama ce nake ɓoyewa.

Mahaifiyata Dada tana nan da ranta a Fagam, amma idonta ya tafi, gigin tsufa kuma ya kama ta. A wajenta Sada har yanzu saurayi ne ɗan siriri. Wannan muryar tawa ta magidanci, wadda hayaƙin tasha ya dusashe, ba ta san ta ba. Abu ɗaya ya rage mata da take gane ni da shi. Idan na tsaya ƙofar gida da yamma, marigayin ya yi kar-kar-kar-kacau, sai ka ji ta daga ɗaki tana cewa Sada ya dawo, a ba shi ruwa. Duk wanda ya shigo bayan wannan ƙara, shi ne ɗanta. Sai na zauna gefen tabarmarta na miƙa mata ƙoƙon fura, ta sha ta ƙoshi, ta shafa kaina tana yi mini faɗan gudu da mota. Dada ba ta cin abincin kirki sai Sada ya dawo, haka take tun ina yaron mota.

To, Ɗanbala ya daɗe yana yi mini gargaɗi, kuma gaskiyarsa ce. Ya ce ranar da sarƙar nan ta tsallake haƙori, bawul da fistin da ke cikin inji za su yi karo, inji ya tashi aiki gaba ɗaya, kuma wannan motar ita ce gonata, ita ce rumbuna. Na saurare shi. Aka aika Kano aka kawo sabo, ya buɗe inji, ya zaro marigayin, ya danna shi da yatsa ya lotsa ba ko gardama. Nan ya cika a tafin hannuna, jikinsa duk baƙin mai. Aka tada mota, sai ga ta luf, kamar an yi ruwa an ɗauke. Har tafi aka yi mini a gareji, ni kuma sakarai ina ta washe baki.

Da yammar ranar na tsaya ƙofar gida. Shiru. Na shiga na yi sallama, na ce Dada ni ne. Ta ja zanenta ta rufe ƙafa, ta ce da ni, "Malam, masu gidan ba sa nan, ɗana bai dawo daga Birnin Kudu ba." Na miƙa fura, ta kawar da kai.

Tun daga ranar rabonta da abinci, sai ɗan ruwa da matata Hapsatu ke lallaba ta ta kurɓa. Babu dabarar da ban yi ba. Na zuba notunan mota a gwangwanin madara na kaɗa a zaure, ta ce a kori yaran nan. Na aro motar wani abokina mai irin wannan ciwo, ta kasa kunne ta ce wannan ba ta Sada ba ce. Masu cewa me ya hana ni ɗaukar ƙarar a waya tun da wuri, don Allah wa ke ɗaukar abin da yake jin kunya? Yanzu kullum fuskarta na kallon ƙofa, tana tambaya ko an ji labarin haɗari a hanyar Kiyako. Ni kuma ina zaune kusa da ita, gwiwata na taɓa tata.

Marigayin ya rasu ya bar sarƙa ɗaya da ta tsufa a hannunsa, da robobi biyu da take kwanciya a kansu, da famfon mai wanda ya shayar da shi tsawon rayuwa. Ya bar magajinsa, sabon tenshina, yaro mai ladabi wanda ba ni da abin da zan zarge shi da shi, illa dai ba ya magana. Ya kuma bar tsohuwa ɗaya tana jira.

Na shaida wa Hapsatu abin da na yanke. Ta ce, "Baban Sharifa, idan injin ya buga, me za mu ci?" Ta duƙa ta ɗauki ƙoƙon Dada, yana cike kamar yadda ta kai shi, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce in je, Allah na nan.

Saboda haka, ga yadda jana'iza za ta kasance. Gobe Juma'a bayan an sauko daga masallaci, za a taru a garejin Ɗanbala da ke bayan tasha. Za a binne marigayin a inda ya yi rayuwarsa, wato a mayar da shi cikin injin, a ɗaure. Ɗanbala ya yarda zai sa shi a makwancinsa, amma ya ce a shaida babu hannunsa: injin zai iya kai kaka, zai iya kasa kai Kiyako, kuma ba shi da tabbacin muryar za ta dawo yadda take. Sabon kuwa za a naɗe shi a tsumma a ajiye, har ranar da ba na fatan zuwanta.

Ba za a yi zaman makoki ba. Wanda ya tarar da ni gefen titi na buɗe bonet, ya taya ni turi kawai, kada ya ce ai an gaya maka, na sani.

Daga gareji zan wuce Fagam ni kaɗai, ba fasinja. Hapsatu za ta dama fura ta ajiye. Zan tsaya a ƙofar gida in ɗaga ƙafa daga totur, kuma ba zan kashe injin ba sai na ji an ce a ba Sada ruwa.