Takin Ƙwaƙwalwa

Ba zan taɓa mantawa da taron iyayen yara na makarantarmu a Gwiwa ba, shekarar da na fara koyar da kimiyya. Iyaye ne suka yi ƙorafi wai kullum 'ya'yansu na fili suna gudu, ba karatu. Shugaban makaranta ya ce in fahimtar da su amfanin gudu ga ƙwaƙwalwa, tunda ni ne "masani" (Allah Ya sani, a waya na karanto abin da Turanci, rabinsa ma ban gane ba).

Na miƙe da ƙarfin hali. A sahun gaba ga Baffa Jauro, makiyayi, mahaifin yarinyar da nake nema. Na ce idan mutum ya yi gudu, tsokar jikinsa kan saki sinadarai cikin jini su hau kai, ƙwaƙwalwa kuma ta samar da wani sinadarin da ke sa ƙwayoyinta fitar da sababbin rassa su sarƙe da juna.

Sai wani ya ce, "Mene ne sunansa?"

Sunan ya ɓace mini ɓat. Na share gumi na ce, "Ku dai ɗauke shi kamar taki."

Nan take wuri ya farka.

"Na buhu ko na turke?"

"Yaushe za a raba?"

Wani ya fice da waya a kunne, ina jin sa yana cewa a zo da buhuna. Na ce ba rabawa ake ba, sai an yi gudu ake samu. Wani dattijo ya tattare riga: "Daga ina zuwa ina, Malam?" (A lokacin ni kaina na fara tantama, ko dai akwai takin ne ban sani ba.)

Sai Baffa ya yi gyaran murya.

"Malam, ni tun ina yaro nake bin shanu da ƙafa har cikin Nijar. Ke nan kaina cike yake da taki?"

Na ga dama ta faranta wa suruki. Na ce, "Ƙwarai kuwa, Baffa! Ai naka ya fi na kowa yawa."

Dariyar da aka kece da ita ce ta tuna mini irin takin da makiyayi ya sani. Baffa ya ɗauki sandarsa ya fita.

Sai da kawuna ya tafi rugarsu ba da haƙuri kafin aka bar ni na sake taka ƙofar. An dai ɗaura auren. Amma tun daga ranar, duk abin da ban gane da Turanci ba, ba na kuskuren fassara shi a gaban manya.