Yadda Ake Jiran Arzikin Wasa Bayan 'Yan Kallo Sun Watse

Tukunya biyu, murhun gas, buhun shinkafa huɗu, tutoci ɗari uku, da mata ɗaya da 'ya ɗaya. Kayan da Seidu ya ɗauko ke nan daga Manchester zuwa Birmingham, shekarar wasannin Commonwealth. Bi sawunsa. Na yi maka alkawari, inda ya isa nan za ka isa.

1. Saki reshe, kama ganye

Miƙa wa council, wato hukumar gari, makullin flat ɗin da ta ba ka haya a unguwar Moss Side, wanda ka shekara tara a layi kafin ka samu. Ba a mayarwa. Jarumtar ke nan.

2. Toshe kunne

Matarsa Sadiatu ta ce, "Baban Na'ima, Manchester ma an taɓa yin wasan nan. Me ya shigo layinmu?"

Ya ce, "Ke ba ki san economy ba."

Haddace wannan amsa.

3. Girka tukunya inda ba a bi

Kama ɗaki a unguwar Handsworth, tunda a taswira kusa yake da filin wasa. 'Yan kallo kuwa bas ke kwasarsu ta dire su a bakin ƙofar shiga. Kwana goma sha ɗaya za ka yi kana ɗaga musu ludayi. Mutane ne masu ladabi, za su ɗago maka hannu ta gilashi.

4. Riƙe kalmar legacy

Ma'anarta, ba yau ba. Masu kwat a talabijin sun ce arziki ya shigo ƙasa. Wataƙila, ƙasar da faɗi. Wake ya yi tsami, ce legacy. 'Yarka ta tambaye ka ina ɗakinta, ce legacy.

5. Hango gasa ta gaba

Bayan shekara uku Seidu ya shigo yana washe baki. "Gasar ƙwallon Turai na zuwa Aston, nan kusa da mu!"

Ya tarar Sadiatu na naɗe kwanuka a cikin tutocin. "Allah ya kai ka. Care home, gidan kula da tsofaffin nan, sun mayar mini da aikina. Wajen Yaya Rabi'atu za mu sauka."

"A kan kujerar falo za ku kwana?"

"Ita dai kujerar ana ganinta da ido."

Ta kama hannun Na'ima. "Mun koma Manchester. Na bar maka tukunya ɗaya." Ta ja ƙofa.

Hattara: in taka ƙofar ta rufu haka, babu ruwana. Ni ma a talabijin na ji.