Ranar Da Na Yi Wa Kwata Kwalliya

Ba zan taɓa mantawa da ranar da baƙin majalisar ƙaramar hukuma suka zo layinmu a Kwaciri ba, don ko na so mantawa matan unguwa ba za su bar ni ba.

Matsalarmu kwata ce. Wata ƙatuwar kwata ta ratsa layinmu, ledoji da kwalaye da ruɓaɓɓen kayan gwari sun toshe ta, da damina ta faɗi sai ruwa ya nemi hanya ta cikin gidajen mutane. Wadda ta fi shan wahala ita ce shugabar ƙungiyarmu ta mata, Mama Talatu, tsohuwar malamar firamare 'yar wajen Zariya. Ruwa ya riga ya cinye gindin katangar ɗakinta, kowa ya san in aka ƙara damina ɗaya a haka ɗakin nan zai kwanta. Muna so a saka kwatar cikin ayyukan shekara, a kuma kafa dokar hana zuba shara a cikinta.

Mun yi zarya, ina faɗa da alfahari. Mai unguwa ya haɗa mu da kansila, kansila ya haɗa mu da shugaban kwamitin muhalli. Mama ta bi coci-coci a Sabon Gari, ni na bi makarantun Islamiyya, muka tara mata har masu gadin sakatariya suka san fuskokinmu. A ƙarshe aka ce kwamiti zai zo ya gani da idonsa kafin a zauna a yanke hukunci. Aka naɗa ni mai kula da tarbar baƙi (ni na naɗa kaina, in gaskiya za a bi).

To ni a gidanmu an rene ni a kan cewa baƙo ba ya ganin ƙazanta. Ana gobe za su zo Mama ta tafi biki Zariya, aka bar ni da unguwa. Na fito da mata da tsintsiya, muka share layi tas, muka yayyafa ruwa. Kwatar kuwa ta fi ƙarfin tsintsiya, sai na aro katakai wajen wani kafinta a Bata, muka jera a kanta, muka shimfiɗa kafet ɗin falona, washegari na ajiye kaskon turaren wuta a gefe. Na ja baya na duba, na ce a raina, Hajiya, kin iya aiki.

Mama ta iso kusan tare da motar baƙi. Ta dubi gabas, ta dubi yamma, ta ja ni gefe.

“Hajiya, ina kwatarmu?”

“Na rufe ta, Mama, kar mu ji kunya.”

“Kin rufe ta? Ita fa suka zo gani!”

Kafin in haɗiye wannan, shugaban kwamiti ya shaƙi turare ya ce, “Masha Allah! Hajiya, ai layinku ya fi na gidana tsabta. Ina matsalar take?” Yana faɗa yana duba agogo, don akwai wasu unguwannin da ke jiransa. Na ga idon Mama ya ciko da ƙwalla. Wahalar da muka sha duka na share ta da tsintsiya, har da ɗakin baiwar Allah.

Sai na ce bari in gyara da baki. Na tako gaba cikin leshina na fita kunya, na hau tsakiyar kafet don kowa ya gan ni, na ɗaga murya: “Ranka ya daɗe, a daidai nan inda nake tsaye…”

Ban ƙarasa ba katako ya ce ɓaras. Na nutse har ƙugu, ni da kafet. Ɗankwali ya yi nasa waje, takalmi ɗaya kuwa ban sake ganinsa ba. Warin da ya taso ya kori turarena nan take, kansila ya rufe hanci da hannun babbar riga.

Mata suka yo kaina da salati za su ciro ni, sai na ji muryar Mama, irin wadda take tsawata wa 'yan aji: “Ku dakata tukuna! Ranka ya daɗe, ka ga inda ruwan ya kai mata? To haka yake kai mana a tsakar gida.” Ta wuce gaba ta kai shi ya ga katangarta, ni kuwa aka bar ni tsaye a ciki ina murmushin dole (wai har da masu ɗauka a waya, Allah ya isa).

Kafin damina aka yashe kwatar aka gina ta, dokar shara ma ta fito. Ɗakin Mama yana nan tsaye, duk sanda na wuce sai na ji kaina ya yi girma, ko da yake har yau “Hajiya Ma'auni” ake kirana, wai da ni aka auna zurfin kwatar.

Yanzu in ƙungiyar wata unguwa ta zo neman shawara kan yadda ake shawo kan mahukunta, wajena Mama take turo su. Nakan ce su dafa wa baƙi shinkafa, su sanyaya musu zoɓo, amma duk wadda ta ɗauko tsintsiya a ƙwace.